Ana Iya Koyar Da Hali A Aji? Ga Abin Da Bincike Ya Nuna

Da yawanmu kan rufe labari ko maƙala da kiran a gyara tarbiyyar yara a makarantu. Kiran yana da kyau, amma wane irin gyara ne yake aiki? Akwai ƙasashen da suka daɗe suna gwada wannan, ya kamata mu san sakamakonsu kafin mu ɗauki biro.

A 2011, Joseph Durlak da abokan aikinsa a Amurka sun tattara sakamakon shirye-shirye 213 da aka gudanar a makarantu, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da 270,000. Shirye-shiryen suna koya wa yaro gane abin da yake ji a ransa, danne fushi, sauraren ɗan uwansa da sasanta rigima ba tare da dambe ba. An samu raguwar rashin ji da damuwa, karatu ma ya ƙaru. Yaron da a da ya fi yara 50 cikin 100 ƙoƙari, sai ya koma ya fi kusan 61. Waɗanda suka fi tasiri su ne masu tafiya mataki-mataki, masu sa yaro ya gwada abin da kansa, da lokaci na musamman da aka ware da kuma manufa bayyananniya.

Akwai wani wasa mai suna Good Behavior Game da aka fara bayyanawa a 1969 a jihar Kansas. Malami zai raba aji rukuni-rukuni, ya faɗi dokoki kaɗan. Duk wanda ya karya doka sai a rubuta wa rukuninsa laifi, rukunin da laifinsa bai wuce iyaka ba ya samu ɗan tukuici. A tsakiyar shekarun 1980 Sheppard Kellam ya gwada shi a azuzuwan farko na firamare a birnin Baltimore, aka bi yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21. Maza da suka shigo makaranta da yawan faɗa su ne suka fi amfana, shaye-shaye da munanan halaye sun ragu a cikinsu.

Sai dai kada mu yi saurin tafi. A 2010 hukumar binciken ilimi ta gwamnatin Amurka ta gwada shirye-shiryen gyaran hali guda bakwai, ba ta ga wani canjin a zo a gani ba. A shekarar ne kuma masu bincike na Jami'ar Manchester suka duba shirin SEAL a makarantun sakandare na Ingila, suka ga bai sauya halin ɗalibai ba, kuma kowace makaranta ta gudanar da shi yadda ta ga dama. Hatta wasan da ya yi nasara a Baltimore, da aka gwada shi a makarantu 77 a Ingila, sakamakon 2018 bai nuna ci gaba a karatu ko hali ba gaba ɗaya, wasu makarantun ma sun watsar da shi tun kafin a gama.

Ra'ayinmu shi ne hali abu ne da ake koya ta hanyar maimaitawa, kamar lissafi. Yana buƙatar malamin da aka horar, da lokaci a jadawali, da mai sa ido. A namu makarantun akwai darasin zama ɗan ƙasa nagari, amma yawanci haddacewa ake yi don jarrabawa, bulala kuma tana kan tebur. Yaro zai iya rubuta ma'anar haƙuri ya ci maki, ya fita tara ya kife ɗan uwansa da mari.

Don haka idan za mu yi rubutu a kan wani shirin tarbiyya, mu tambaya: a ina aka gwada shi, da wa aka kwatanta, yara nawa, kuma tsawon wane lokaci aka bi su? Iyaye da malamai suna karanta abin da muke rubutawa, wasu kuma suna aiki da shi. Allah Ya sa mu dace.