Wasiƙa ga Masu Koyar da Japananci da Masu Tafinta

Malamai, abokan sana'a,

Roƙona guda ne: ku daina jera wa ɗalibai atari da ni tsuki da zutsu kuna ce musu duka ma'anarsu "kowane". Ƙamus yana yin haka don ƙarancin wuri, ku kuwa kuna da allo da lokaci.

Atari ta lissafi ce. A haɗa jimla, a raba da yawan mutane, abin da ya fito shi ne hitori atari. Mutum huɗu sun ci abincin yen 8,000, kowa ya tashi da yen 2,000, ko da ɗayansu ya cinye rabin abincin. Da ita jaridun Japan ke faɗin kuɗin shigar kowane ɗan ƙasa, kuma duk mai karatu ya san matsakaici ake nufi.

Ni tsuki kuwa ƙa'ida ce da aka gindaya tun farko. Ita ake gani a allon wurin ajiye motoci, awa ɗaya yen 300, da takardar kanti mai cewa mutum ɗaya ƙwaya ɗaya kacal. Harshen sanarwa ne da kwangila, ba kasafai abokai ke faɗin ta a hira ba. Gaskiya ne sau da yawa ana musanya ta da atari, amma a kwangila bambancin farashin da aka yanke da matsakaicin da aka lissafa kuɗin wani ne. Ku kuma ja wa ɗalibai kunne: kōji-chū ni tsuki a bakin hanya "saboda ana aiki" take nufi, babu ruwanta da adadi.

Zutsu ba ta wahalar da Bahaushe. Futatsu zutsu biyu-biyu ke nan, sukoshi zutsu kaɗan-kaɗan.

Bayan waɗannan uku, wadda ta fi damuna ita ce oki ni. Ichinichi goto ni kullum ne, amma ichinichi oki ni a yi yau a tsallake gobe. Sai ga jirgin ƙasa mai zuwa go-fun oki ni, shi kuwa duk minti biyar yake zuwa, ba abin da aka tsallake. Ku yi tunanin mai tafinta a asibiti, tsakanin likita da majinyaci, ana maganar shan magani. Ku koya wa ɗalibanku su nemi likita ya ambaci ranakun da sunansu, Litinin, Laraba, Juma'a, su rubuta kafin majinyaci ya tashi.

Naku a sana'a.