Tsohon soro da giginyar da ke ɗauke da shi

Wanda ya ratsa tsohuwar unguwa a Kazaure, ko wani ƙauye na ƙasar Roni da Gwiwa, zai ga soraye masu zankwaye da indararo, ya ɗauka ƙasa ce zalla. Da zai shiga zaure ya ɗaga kai, da ya ga abin da ke ɗauke da nauyin rufin: azara, wato gangar giginya da aka tsaga tsawo-tsawo. Ita ce ƙashin ginin, kuma a kanta makomar waɗannan gidaje ta rataya.

Magina sun zaɓi azara ne saboda taurinta da kuma yadda take gagarar gara. Sai dai tana da iyaka: idan tazara ta wuce kamu huɗu, kusan mita 2, takan lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin laka. Wannan iyakar ce ta haifi fasalin gidan Bahaushe. Don a rage tazarar, magini yakan gitta azara a kusurwoyin ɗaki, ya jera wata bisa wata. Idan ana son fili mai faɗi, sai ya dasa azara a cikin bango, ya riƙa ɗaure wata a kan wata, kowacce tana ɗan zarce ta ƙasanta, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, a lulluɓe su da laka. Shi ne bakan gizo, kuma a kansa ake ɗora rufin daurin guga. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830, ba da ƙarfe ko siminti ba. Zauren mai unguwa a Babura ƙanin wancan masallaci ne a fasaha.

Masu rushe soro su kafa bulo da kwano suna da hujja. Gidan ƙasa yana neman yaɓe kafin kowace damina, kuma idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara takan ruɓe, ɗaki ya rufta a kan masu barci. Wannan ba abin wasa ba ne. Amma sakaci ke jawo shi, domin soron da ake yi wa yaɓe da makuba yakan ga jikoki. Kaurin bangonsa yana tsare zafin rana, ya sake shi da dare, abin da ɗakin kwano ba ya yi a watan Afrilu sai da fanka da wutar da ba ta zama.

Babbar barazanar tana can a fadama. Giginya tana ɗaukar shekaru gommai kafin gangarta ta yi taurin da za a tsaga, ga shi ana sarewa, ƙwallonta kuma da ya tsiro sai a tone a ci muruci. Ranar da azara ta yi wuya, ko mai son gyara soron kakansa dole ya koma kwano, magini ya rasa aiki, ɗansa ya kama wata sana'a.

Saboda haka kare tsohon gida daga shuka yake farawa. Ya kamata masarautun Kazaure da Ringim, tare da ƙananan hukumomin yankin, su sa giginya cikin itatuwan da ake dasawa don tare hamada, su kuma sa ido kan saranta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure tana iya auna sorayen da suka rage, ta zana su, ta zaunar da tsofaffin magina a gaban ɗalibai tun suna da ƙarfin riƙe tubali. Wanda ya shuka giginya bana ba zai rufa ɗaki da ita ba. Jikansa ne zai tsaga.