Alƙawarin oga ba biza ba ne

Idan kana cikin zaurukan WhatsApp na 'yan Sakkwato da ke Birtaniya, ko kina da yaya ko ƙane a can, to wannan saƙon ba baƙonku ba ne. Yawanci da tsakar dare yake shigowa: "Jama'a a taya ni da addu'a, bizata saura wata biyu, kamfaninmu sun ce sun nemi lasisi, ana jira." Nan da nan sai a cika zauren da "Allah ya sa a dace", kowa ya koma barcinsa. Addu'a kam muna yi, kuma ba za mu fasa ba. Amma akwai maganar da ba a cika faɗa wa mai wannan saƙon ba, don ba ta da daɗin ji, ita nake so mu yi yau.

Akwai wani matashi ɗan unguwarmu a Mabera, ba zan kama suna ba. Ya gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka sayar da fili aka haɗa masa kuɗin digiri na biyu a arewacin Ingila. Da ya kammala ya karɓi bizar da ake ba waɗanda suka gama karatu, mai shekara biyu, ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani. Ogansa na yaba aikinsa, har ya ce masa kada ya damu, su za su ɗauki nauyinsa. Yaro ya saki jiki, ya daina neman aiki a wani wuri. Sai da ya rage mako tara bizarsa ta ƙare ya yi ƙarfin halin tambaya, aka ce masa ai ba a ma tura takardun ba tukuna, akanta bai gama haɗa su ba. Ba mugunta ogan ya yi masa ba. Shi dai abin bai dame shi kamar yadda ya dami yaron ba, don ba shi za a kora daga ƙasar ba.

Mu a nan mun fi sanin tsarin Saudiyya, inda igamarka ke rataye a wuyan kafili. Na Birtaniya ya ɗan yi kama da shi, sai dai a can shi kansa mai ɗaukar aikin sai gwamnati ta ba shi izini. Matakai uku ne, kuma ba a tsallake ɗaya. Da farko kamfani ya nemi lasisin ɗaukar nauyin ma'aikata baƙi daga ma'aikatar harkokin cikin gida ta ƙasar. Idan ya samu, sai ya fitar maka da takardar ɗaukar nauyi, wadda kowa ke kira CoS, lamba ce kawai a kwamfuta, kuma tana aiki ne na wata uku daga ranar da aka ba ka. Da wannan lambar ne kai kuma za ka cike neman bizar aiki. Babu lasisi, babu CoS. Babu CoS, ba ka da abin da za ka nema da shi.

Gwamnatin ta ce yawancin masu neman lasisi ana ba su amsa cikin mako takwas. Ka lura da kalmar "yawanci". Idan suka ga dama su aiko jami'ai su duba kamfanin, ko su nemi ƙarin takardu, sai lokaci ya ja. Akwai layin gaggawa da kamfani zai iya biyan ƙarin kuɗi a duba masa cikin kwana goma na aiki, amma guraben kaɗan ne a kowace rana, rububinsu ake yi. Kuma amsar da za ta fito ba dole ta zama "e" ba. Idan aka hana kamfani, sau da yawa sai ya jira wata shida kafin ya sake nema. Kai da ya rage maka mako tara, ina kai ina wata shida?

Ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa, don Allah ka karanta nan da kyau. Za ka ji ana cewa ai in dai an shigar da takardu kafin biza ta ƙare, to mutum na nan daram har a ba da amsa. Maganar tana da tushe. Sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 ya ce wanda ya shigar da ingantaccen neman sabunta izinin zama kafin nasa ya ƙare, izininsa na ci gaba har a yanke hukunci. Amma neman da kai ka shigar da sunanka ake nufi. Neman lasisin da kamfani ya shigar na kamfani ne, bai ƙara maka ko awa ɗaya ba. Ranar da ke rubuce a shafinka na biza tana cika, in ba ka shigar da naka ba, ka zama wanda ya wuce wa'adi, ko da lasisin oga zai fito washegari da safe. Ita kuma bizar kammala karatu ba a sabunta ta, sau ɗaya ake bayarwa.

To me zai faru in ka wuce? Ba ka da izinin aiki, ba ka da izinin kama haya a Ingila, banki ma na iya rufe maka asusu. Tun watan Fabrairun 2024 tarar da ake cin wanda ya ɗauki mara izini aiki ta kai fam 45,000 kan kowane mutum ɗaya a karon farko, fam 60,000 in ya maimaita. Ka ga ke nan ogan da ke ce maka "kwantar da hankalinka" shi ne zai fara sallamarka ranar da wa'adi ya cika, kuma ba za ka ga laifinsa ba. In ka wuce da fiye da kwana 30 sannan ka fita da kuɗinka, za a hana ka komawa na shekara ɗaya aƙalla. In su suka fitar da kai, abin na iya kai shekara goma. Akwai rangwamen kwana 14, amma na wanda wani babban uzuri da ya fi ƙarfinsa ya hana ne, kamar kwanciya a asibiti. Kada ka gina lissafinka a kansa. Kuma duk wata ƙasa da za ka nemi bizarta nan gaba, tambayar nan tana jiran ka a fom: ka taɓa wuce wa'adi a wata ƙasa?

Shawarata ita ce ka daina ƙirga kwanakinka da bakin oga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu 'yan Mabera mun san wannan fiye da kowa: wanda bai yashe kwatar ƙofar gidansa tun kafin ruwan farko ba, a watan Agusta da bokiti zai kwana a hannu. Tun saura wata shida, ko ma fiye, ka zauna da mai kamfanin ka yi masa tambaya ƙarara. Kun tura? Wace rana? Zan iya ganin shaidar turawa? Na san akwai nauyi. Mu an tarbiyyantar da mu da kunyar babba, muna ganin tambayar mai gida sau biyu kamar rashin yarda ne. Bature ba ya fassara shirunka da kunya, gani yake babu matsala. Rubuta masa imel cikin ladabi, ka sa ranar da bizarka za ta ƙare ɓaro-ɓaro, ka roƙe shi ya nemi layin gaggawa.

Kuma ba sai ka dogara da maganar kowa ba. Gwamnatin Birtaniya na wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisi a shafinta na gov.uk, kyauta, ana sabunta shi a kai a kai. Daga shagon cajin waya a Mabera ma za ka iya buɗe shi ka duba wa ɗan'uwanka. In sunan kamfani bai fito ba, lasisi bai fito ba, magana ta ƙare. Wannan jerin sunayen kuma shi ne inda ya kamata ka ci gaba da neman aiki. Neman wani aikin alhali kana jiran wannan ba cin amana ba ne. Kamfanin da ya riga ya mallaki lasisi ya tsallake matakin da ya fi cin lokaci.

Sannan ka duba ko aikin naka ma ya cancanta, don lasisi na iya fitowa a tarar ba zai amfane ka ba. A watan Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara, aka sake ɗaga shi zuwa 41,700 ranar 22 ga Yulin 2025, aka kuma mayar da yawancin ayyukan da ake karɓa na matakin digiri. Sababbin shiga, wato 'yan ƙasa da shekara 26 da waɗanda ke sauyawa daga bizar karatu ko ta kammala karatu, an sassauta musu zuwa 33,400, ma'aikatan lafiya kuma da nasu ma'aunin daban. Dokokin nan sauyawa suke yi kamar farashin mai, har an sanar da rage bizar kammala karatu zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Don haka bidiyon TikTok na bara ba hujja ba ne. In za ka nemi shawara, nemi lauya ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukuma a can, ba wani "agent" da ke amsa kira a Snapchat ba.

Tunda na ambaci agent, bari in tsaya nan kaɗan, don a nan ake yanka mutane. Da zarar an ji ka matsu, sai masu sayar da CoS su ɓullo. Za a ce ka kawo fam dubu kaza a ba ka takardar aikin kula da tsofaffi, ba sai ka je aikin ba ma. Kai kuma sai ka bugo gida, a shiga neman mai sayen gona ko gidan gado. Ɗan'uwa, doka ta hana kamfani ya ɗora wa ma'aikaci kuɗin lasisi ko na CoS, balle a sayar maka da ita kamar katin waya. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi da marasa lafiya sama da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. A 2025 sashen binciken BBC na Afirka ya nuna yadda wasu dillalai, cikinsu har da 'yan Najeriya, ke sayar da guraben aikin da babu su. Wanda aka soke lasisin kamfaninsa, yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani ko ya tattara. Wanda kuma aka kama da ƙarya a takardu, hanin shekara goma ne. Kuɗi sun tafi, gona ta tafi, ƙofa ta rufe.

Haka masu cewa ka shigar da kowane irin nema, ko da ka san ba ka cancanta ba, don kawai ka sayi lokaci. Kada ka taɓa wannan sai lauya na gaskiya ya duba lamarinka, don abin da ka rubuta yau yana nan a ajiye a fayil ɗinka.

In duk an yi wannan CoS bai zo ba fa? Ka fito kafin ranar. Ka sa wa kanka wa'adi, ka ce in ya rage mako biyu ban ga lamba ba, jirgi zan hau. Wanda ya fita da bizarsa da sauran kwana, takardunsa tsaf suke. In lasisi ya fito bayan nan, kamfani na iya nema maka CoS kana gida, ka je Abuja ko Legas a ɗauki hoton yatsunka, kuma amsar neman da aka yi daga waje yawanci mako uku take ɗauka. Kuɗin jirgi da zafi, na sani, musamman da canjin yau. Amma ka auna shi da shekara ɗaya ko goma.

Saura mu na gida, don rabin matsalar daga wajenmu take. Me ya sa yaro zai gwammace ya ɓuya a ɗakin aboki a Bradford, yana wankin mota a ɓoye ana ba shi abin da aka ga dama, a kan ya dawo? Don ya san abin da ke jiran sa a majalisa. "Wai an koro shi." "Ina kuɗin filin?" Mu da ke tura masa saƙon a turo na sallah, a turo na makarantar yara, mu ne kuma za mu fara yi masa dariya a tiyata ta mai shayi in ya sauka da jaka ɗaya. In kana da ɗan'uwa a wannan halin, ka kira shi a keɓe, ba a zaure ba. Ka tambaye shi ranar da bizarsa za ta ƙare, ka rubuta. Ka faɗa wa su Baba gaskiyar lamarin da Hausar da za su gane, don su da yawa sun ɗauka in mutum ya shiga Turai shi ke nan ya shiga. Ka ce masa da bakinka in ta kama ya dawo, ya dawo, babu wanda zai tuhume shi.

Shi wancan ɗan unguwar tamu, bayan ya rubuta imel ɗin, kamfanin sun tura takardun a satin, sun kuma samu gurbi a layin gaggawa a gwaji na huɗu. Ya tura neman aiki wurare goma sha ɗaya masu lasisi, biyu sun kira shi ganawa. Ya sayi tikitin Abuja wanda ake iya sauya wa rana, ya sa shi kwana goma kafin wa'adinsa. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutun amsa ba ta fito ba. Da ya faɗa wa mahaifiyarsa, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce a fitar da buhunan geron da aka jibge a ɗakinsa, a share.