Zaman Duniya: "House" Daban, "Home" Daban



Wata ƙanwata ce a nan Kazage ta kawo mini takardar da saurayinta ya aiko mata daga Kaduna, rabi Hausa rabi Turanci. Wai ta kwantar da hankalinta, zai gina mata "house" na gani na faɗa. Ta ce, "Yaya, ai gida ke nan ko?" Na ce mata e, gida ne, amma zauna ki ji.

Mu a Hausa kalma ɗaya gare mu, gida. Bature kuwa ya raba ta biyu. "House" shi ne ginin kansa: bulo, kwano, ƙofa da taga, abin da ake saya, a sayar, a ba da haya. "Home" kuwa inda mutum yake zaune da nasa, inda ransa yake kwanciya, ko da ɗakin ciyawa ne. Shi ya sa Bature in kewar gida ta kama shi yake cewa "homesick". Ba kewar bulo yake yi ba, kewar mutanensa ce.

Mu mutanen ƙasar Birnin Gwari ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ku tuna harin da 'yan bindiga suka kai Gwaska a watan Mayun 2018, da dubban mutanen da suka bar ƙauyukansu a shekarun nan. Wasu sun samu ɗakunan siminti a Kaduna da Zariya, har da lantarki. To amma ki zauna da tsohuwa ɗaya daga cikinsu, wallahi hirarta ba ta wuce rumbunta da bishiyar tsamiyar ƙofar gidansu. Ta samu "house", ta rasa "home".

Haka zancen yake a aure. Sau nawa muka ga amarya cikin bene, ga kujeru ga firji, amma kullum da hawaye take kwana? Kuɗi ne ke gina na farko. Na biyun kuwa sai da haƙuri, mutunci da tausayin juna.

Don haka na ce da ƙanwata kada ginin ya ruɗe ta. Ta binciki halinsa tukuna, ta ga yadda yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. A nan za ta gane wanne zai ba ta.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.