Ba a Shiga Gonar Mutum Babu Sallama

"Ai ƙasa ta gwamnati ce." Da wannan magana ake rufe bakin manomi a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, kuma na gaji da jin ta. Mota ta tsaya a bakin hanya, mutum huɗu ko biyar su sauko da riguna masu ƙyalli da na'urar safiyo mai ƙafa uku, su ratsa cikin rake ko tumatir, su tattake kunya, su kafa turaku, su shafa jan fenti a jikin ɗorawa ko katangar gida, su koma mota. Mai gona yana tsaye da fartanya a kafaɗa. In ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya dai?" sai a ce masa daga sama aka turo su. Wane ofis? Wa ya sa hannu? Me za a yi a wurin? Babu amsa. In ya matsa, a ce yana neman hana gwamnati aiki, a ambata masa 'yan sanda. Daga ranar barci ya ƙaurace wa gidansa, don bai sani ba ko hanya ce za ta bi ta gonar, ko turakun lantarki, ko kuwa wani mai kuɗi ne ya ƙyalla ido a kan fadamar.

Wannan wulaƙanci ne, kuma babu dokar da ta ce a yi shi.

Mafakar masu wannan ɗabi'a ita ce Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978. Da yawansu ba su taɓa buɗe ta ba. Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, gaskiya ne, amma amana aka ba shi, ya riƙe domin amfanin jama'a. Mai riƙon dukiyar marayu ba ya zama mai dukiyar don kawai mabuɗi yana aljihunsa. Sashe na 36 kuma ya ce wanda ke noma gonarsa a karkara tun kafin a yi dokar zai ci gaba da riƙe ta tamkar ƙaramar hukuma ce ta ba shi, ko da bai mallaki takarda ko ɗaya ba. Ke nan gonar gado a Gubuchi ko Paki ko Likoro, wadda iyakarta gamba ce da tsohuwar kaɗanya, shaidunta kuwa dattawan unguwa, tana da mai ita a idon doka. Duk ma'aikacin da ya ce wa manomi "ina satifiket ɗinka?" don ya tsorata shi, ko dai bai san aikinsa ba, ko ya sani yana cin zalin wanda bai sani ba.

Ba na ɓoye cewa dokar ta ba hukuma ikon shiga. Sashe na 11 ya yarda gwamna, ko ma'aikacin da gwamna ya ba izini, ya shiga filin da aka ba da takardarsa ya duba, kuma mai fili ba shi da ikon hanawa. Amma da sharaɗi: da rana, a lokacin da ya dace, kuma dubawa aka ce. Ba a ce a sare mangwaro ba, ba a ce a karya shinge a bar awaki su shiga ba. Sannan izinin nan da ake magana, ta yaya manomi zai san akwai shi idan ba a nuna masa ba? Izinin da mai shi ba zai iya fitarwa daga aljihu ba, da shi da babu duk ɗaya ne a wurina. Sashe na 6, wanda ya ba ƙaramar hukuma ikon karɓar gona don aikin jama'a, shi ne dai ya wajabta mata biyan diyya, ya kuma ce in gonar noma ce a ba mai ita wata a madadinta. Ku zagaya ku tambayi waɗanda aka taɓa karɓe wa gona, mutum nawa aka karanta wa wannan sashe?

Tsarin Mulki na 1999, wanda ke sama da kowane darakta da kowane kwamishina, ya fi haka fitowa fili. Sashe na 37 ya kare sirrin mutum da gidansa. Sashe na 44 ya hana karɓar dukiyar kowa da ƙarfi sai an biya diyya ba da jinkiri ba, kuma an bar masa hanyar zuwa kotu. Har shiga fili don awo ko haƙa ko kafa turakun wuta da shimfiɗa bututu ya ambata, ya ɗaure shi da biyan ɓarnar da aka yi wa gini da itatuwa masu amfani da shuka. Abin da ya fi ba ni haushi ma, tsohuwar dokar bututun mai ta 1956, wadda aka yi tun Turawa na mulki, ta ce mai awon hanyar bututu ba zai taka gonar da aka shuka ba sai ya ba da sanarwar kwana 14. Bature da ya ci ƙasar nan da bindiga ya rubuta wa talaka mako biyu. Yau ɗan'uwanmu, wanda da kuɗin harajinmu ake biyansa albashi, yana ganin minti biyu na gaisuwa da bayani sun yi wa manomi yawa.

Maganar ta fi shafar mu fiye da wasu, saboda inda Allah Ya ajiye mu. Ƙasarmu tana tsakanin Zariya da Kano, manyan ayyuka kuwa duk Kano suka nufa: babbar hanyar Abuja zuwa Kano da ta ratsa Tashar Yari, bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar a 2020, layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021. Muna son hanya, muna son jirgi, muna son wuta. Wanda ya taɓa kwana da kwandunan tumatir a mota saboda lalacewar hanya ba zai ƙi kwalta ba. To amma ƙasar da ake aunawa ita ce ke fitar da raken Makarfi da mazarƙwailarta, tumatirin da ya sa aka gina masana'anta a Ikara, inabin da ya fito da sunan Kudan. Kadada ɗaya ta fadama a nan ita ce kuɗin makaranta da na asibiti da kayan ɗakin 'ya mace. Mai auna ta ya kamata ya shigo da ladabi.

Kuma tun kafin a rubuta dokar boko, mun san wannan. Bahaushe ya gina zaure don baƙo ya tsaya a nan. Yana rubuta "ba shiga" a ƙofa, kowa ya gane. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama, ta ce in an ce a koma a koma. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci. Ma'aikacin da ke tsallaka katanga ranar Litinin ya ji waɗannan a huɗubar Juma'a. Ita kanta dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ɗan sandan da ya biyo mai laifi har gidan da akwai matar kulle, sai ya sanar da ita ya ba ta damar kaucewa kafin ya shiga. In mai farautar ɓarawo an sa masa wannan linzami, mai duba lambatu da mai neman takardar izinin gini wane ne da za su faɗa tsakar gida mata na tsaye a bakin murhu?

Tsoron da ake amfani da shi tsoho ne. Iyayenmu sun ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda zai leƙa randa ya ce ya ga tsutsa, a ci maigida tara. Da malamin daji da zai kama mutum don ya sari reshe a gonar ubansa. Irin wannan cin kashi na cikin abin da ya cika wa jam'iyyar NEPU taro a kasuwannin ƙauye. Shi ya sa da Balarabe Musa ya hau mulkin tsohuwar Jihar Kaduna a 1979 ya soke haraji da jangali, ya kafa kwamitin binciken filaye don sauraron talakawan da aka ƙwace wa gonaki. A 1980 kuma aka ga inda raina manomi ke kaiwa: a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da aka ci gonakinsu don madatsar ruwa suka tare hanya suna neman diyya, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jini. Ba tarihi mai nisa kaɗai ba. A 2021 mun ga an rushe gidaje a unguwar Graceland ta Zariya, gwamnati na cewa filin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ne. Ko wa ke da gaskiya a wancan rikici, mutumin Hunkuyi da ya ga hotunan ya koyi darasi guda: bayan jan fenti katafila ce. Saboda haka wanda ya shafa fenti a bangon mutum ya tafi bai yi bayani ba, ya san sarai irin wutar da ya kunna a zuciyarsa. Wasu ma don haka suke yi, domin gobe maigida ya biyo su ofis da na goro.

Ina da magana da iyayenmu dagatai da masu unguwanni, kuma da girmamawa nake yin ta. Allah Ya ja zamaninku, jama'a ta san ku ne a matsayin garkuwarta. Abin takaici ne a ga mai unguwa ya zama ɗan rakiya, yana gaba baƙi na biye, yana nuna musu iyakar gonar talakansa, shi kansa bai ga takarda ba, bai tambaya ba. In mai gona ya yi magana, a ce masa ya yi haƙuri, manya ne. Haƙuri da me? Ku ne kuka fi kowa ikon cewa, "Ku zauna a zaure, a kira mai gonar, ku nuna mana abin da ya kawo ku." Ba wanda za a tuɓe wa rawani don an nemi ganin takarda.

A wannan zamani ma tambayar ta zama ta tsaron rai. Ƙasar da masu satar mutane ke aiko 'yan leƙen asiri, ƙasar da riga mai ƙyalli da katin wuya ake buga su a kowane shagon kwamfuta, ta yaya za a horar da mutanen ƙauye su riƙa buɗe ƙofa ga duk wanda ya ce shi hukuma ne? Gwamnatin da ke roƙon jama'a su kai rahoton baƙuwar fuska ita ce ke aiko baƙin fuskoki babu sanarwa. Ma'aikacin kirki ma wannan hali yana jefa shi cikin haɗari.

Na san akwai shigar da ta zama dole. In amai da gudawa ya ɓarke, dole a duba rijiyoyi. Mai sayar da jabun taki da gurɓataccen maganin feshi, a shiga rumbunsa, manoma ne za su fara yin godiya. Ba wanda ya ce a bar gini ya rufta kan yara. Duk waɗannan ana iya yin su da takarda a hannu da sallama a baki. A Ingila tun 1765 kotu ta sa manzannin sarki biyan diyya saboda sun fasa gidan wani marubuci, John Entick, da umarnin minista wanda doka ba ta san da shi ba. A Amurka, a 1967, Kotun Ƙoli ta ce mai duba lafiyar gidaje, in maigida ya ƙi, sai ya koma ya samo sammacin kotu. Ba a daina duba gidaje a can ba, gwamnatocinsu kuma ba su rushe ba.

Diyyar kanta wani ciwo ne. Sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ba ya biyan kuɗin ƙasa, sai abin da ke kanta: gini, shuka, itatuwa, a kan farashin da ma'aikacin gwamnati ya yanka. Ɗorawar da ta ciyar da kaka da jika da kalwa, a rubuta mata kuɗin da bai kai amfaninta na 'yan shekaru ba. Kuma lissafin yana farawa ne daga ranar shigar farko. In an ƙirga itatuwanka ba ka nan, abin da aka rubuta shi ke nan. Shi ya sa shiga babu mai gona ta fi tattake kunya illa: a ranar ake yanka maka haƙƙinka.

Gwamna Uba Sani da Majalisar Dokokin Jiha, abin da muke nema ba ya cin kasafin kuɗi. A fitar da umarni ɗaya da zai hau kan hukumar filaye ta KADGIS da hukumar tsara birane ta KASUPDA da ma'aikatan lafiya da na haraji da duk ɗan kwangilar da ke aiki da sunan gwamnati: sanarwa a rubuce da Hausa kafin a zo, in ba gaggawar ceton rai ba, katin shaida da takardar izini a nuna kafin a taka fili, mai gona da mai unguwa su kasance a wurin, a bar masa kwafin abin da aka auna da abin da aka ƙirga, da sa hannu da lambar waya. Wanda ya saɓa a hukunta shi a fili, a ji a rediyo. Shugabannin ƙananan hukumomi a Ikara da Makarfi da Hunkuyi ba sai sun jira Kaduna ba, gobe ma suna iya farawa da ma'aikatansu.

Kai kuma ɗan'uwana manomi, kada ka ɗaga wa kowa fartanya, kada ka zagi kowa, don abin da ake jira ke nan a juya maganar ta koma kanka. Yi musu sallama ko da su ba su yi ba. Tambayi suna da ofis, ka nemi takarda, ka sa yaronka ya ɗauki hotonta da na lambar mota da na duk abin da aka ɓata. Kira maƙwabtan gona biyu su shaida. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba. In an yi maka ɓarna, ka kai kuka a rubuce ga ƙaramar hukuma da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ka nemi lauya da wuri, don akwai dokar da ta ƙayyade wata uku kacal na kai ƙarar ma'aikacin gwamnati a kan abubuwa da dama. In su biyar ne suka zo, ku ma ku tsaya ku goma, cikin natsuwa, har sai an nuna takarda.