Wa Ya Kamata Ya Biya Hakkin Marubuta A Manyan Makarantunmu?

Tun daga Jami'ar Bayero a birnin Kano har zuwa Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da wuya a sami babbar makaranta wadda babu shagon fotokwafi a kusa da ita. A nan ɗalibai suke samun akasarin abin da suke karantawa: babi biyu daga wannan littafi, babi uku daga wancan, wani sa'in ma littafin sukutum. Marubucin da ya sha wahalar rubutawa kuwa ko sisin kwabo ba ya gani.

Kafin a ɗora wa ɗalibi laifi, ya kyautu a dubi inda ya fito. Yaron da mahaifinsa yake noma 'yar gonar gado a Makoɗa ko Kunci ko Tsanyawa, inda gonaki suka matse saboda yawan jama'a, da kuɗin gero da gyaɗa da ɗan akuyar gida ake biya masa rajista. Tun da darajar naira ta faɗi warwas a 2023, littafin da aka bugo a Ingila ya fi ƙarfin malamin kansa, balle ɗan talaka.

Amma kuma hakki hakki ne. Dokar hakkin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta yi sassauci ga mai kwafar wani yanki domin nazari. Ba ta halatta a kwashe littafi ɗungum a mai da shi haja ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da cin karo da wannan matsala. A Ingila tun 1983 aka kafa hukumar ba da lasisin kwafa. Jami'a ce take biyan kuɗi kowace shekara gwargwadon yawan ɗalibanta, malamai su kwafi ɗan kason da aka yarje musu, hukumar kuma ta raba kuɗin ga marubuta da kamfanonin ɗab'i. Indiya ta bi wata hanya dabam. A 2012 kamfanonin Oxford da Cambridge da wani na uku suka kai ƙarar wani shagon fotokwafi da ke cikin Jami'ar Delhi, amma a 2016 kotu ta ce kwafa domin koyarwa ba laifi ba ce, a 2017 kuma suka janye ƙarar.

A ganinmu hanyar Ingila ta fi dacewa da mu, domin marubutanmu ba attajirai ba ne. Malamin da ya rubuta littafin nahawun Hausa ko na kiwon dabbobi, in ya ga wahalarsa ta tashi a banza, ba zai sake ɗaukar alƙalami ba, mu kuwa littattafan gida su ne muka fi ƙaranci.

Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Akwai ƙungiyar REPRONIG wadda aka kafa musamman domin karɓar irin wannan kuɗi a madadin marubuta. Sharaɗinmu ɗaya ne: kada a lafta kuɗin lasisin a kan takardar rajistar ɗalibi, kamar yadda aka saba da kowane sabon caji. Asusun TETFund, wanda yake samun kuɗinsa daga harajin da kamfanoni suke biya, shi ya cancanci ya biya wa makarantun gwamnati. Ita kuma ƙungiyar wajibi ne ta riƙa buga lissafinta kowace shekara, kowa ya ga marubutan da aka biya da nawa kowannensu ya karɓa.