Bakanike Ya Shiga Motar Tare da Kai

Ya ɗan'uwa ma'aikaci, albashin wata biyu na ba wani bakanike a Ƙaura Namoda ya sauke mini inji, ya canja ringi. Ban kai Moriki ba mota ta tafasa, ga magariba ta kawo jiki. Duk wanda ya san hanyar Shinkafi ya san abin da tsayuwa cikin dajin nan take nufi. Da na koma, wai ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta ɗaure notin ba.

A ganina, kada ka cika kuɗin aiki sai ya nuna maka tsofaffin kayan da ya cire, kuma ya zauna gefenka kun je Moriki kun dawo. In ya noƙe, kai ƙara wurin shugaban kanikawa.